Abincin Ƙadangare da Lafiyar Ƙasa: Darasin Tsibiran Teku ga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



Shugaban wannan zama. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu na addini, Allah ya gafarta muku. Malaman gona da malaman makaranta. Manoma da makiyaya. Da 'ya'yanmu ɗalibai da suka taso daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, barkanmu da haɗuwa. Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya, ina kuma roƙonsa ya dawo mana da kwanciyar hankali a garuruwanmu da dazuzzukanmu.

Gabatarwa

Maganata a yau a kan ƙadangare ce da abin da yake ci. Na san ba za a rasa mai cewa a ransa ba, mutanen da ke fama da 'yan bindiga da tsadar taki, ina ruwansu da cimar ƙadangare? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ce za ta ɗauke mu har ƙarshen zaman nan.

Ƙadangare ba ya noma, ba ya ajiya, ba ya cin kasuwa. Abin da ƙasa ta fitar a inda yake zaune shi yake ci. Saboda haka wanda ya san abin da ke cikin ƙadangaren wani wuri, ya san halin da ƙasar wurin take ciki: ko ƙwarinta na nan, ko itatuwanta na 'ya'ya, ko kuwa guba ta shige ta. Masana sun gane haka sosai a tsibiran teku, inda aka kawar da ɓeraye da awaki da zomaye waɗanda mutane suka kai, sannan aka zuba ido a ga yadda rayuwar ƙadangarun wurin za ta kasance. Abin da aka gani shi ne, ba a taɓa ɗauke dabba ɗaya daga wuri ba tare da an canja abincin sauran ba. Wannan shi ne abin da nake so mu tafi da shi gida.

Yadda baƙin dabbobi suka shiga tsibirai

Tsuntsu da fiffikensa yake isa tsibiri. Ƙadangare kan maƙale a kututture, ruwa ya yi ta tafiya da shi har ya yar da shi a gaɓa. Amma ɓera da kyanwa da akuya da zomo da alade ba sa ƙetare teku mai faɗi da kansu. Don haka tsibirai da yawa sun shafe dubban shekaru babu irin waɗannan dabbobi masu shayarwa, ƙadangaru da tsuntsaye ne masu gari.

Jiragen ruwa ne suka sauya al'amarin. Matuƙa kan saki awaki da zomaye da gangan a tsibiri don su sami nama in sun sake biyowa. Ɓera kuwa ba wanda ya gayyace shi. Cikin kaya yake ɓuya. Baƙin ɓera, wanda asalinsa daga yankin Indiya yake, ta haka ya karaɗe duniya.

Ɓarnar da suke yi wa ƙadangare ta hanya huɗu take zuwa. Ta farko, ɓera da kyanwa suna cin sa, su ci ƙwansa da 'ya'yansa. Wanda ya tsira kuma tsoro ya hana shi nisa da bakin rami, ya koma cin abin da ya samu kusa. Ta biyu, ɓera na cinye manyan ƙwari da 'ya'yan itace, wato yana raba ƙadangare da kwanonsa. Ta uku, akuya da zomo suna cinye tsiro tun yana ƙarami, itace ya tsufa ya faɗi babu magaji, fure ya ƙare, ƙwarin da ke bin fure su watse, ruwan sama ya kwashe ƙasa. Ta huɗu ita ce wadda ido bai cika gani ba. Tsuntsayen teku suna cin kifi a ruwa, su dawo tudu su yi kashi, kashin nan ya zama taki, ragowar kifi da fasassun ƙwai su tara ƙudaje da buzuzu, ƙadangare ya samu. Idan ɓera ya kori tsuntsaye, wannan hanyar arziki ta toshe. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan tsibiran Chagos da ke Tekun Indiya ya nuna cewa yawan tsuntsayen teku a tsibiran da babu ɓera ya ninka na masu ɓera sau 760.

Ganin haka ne aka shiga aikin kawar da waɗannan baƙi. Wani nazari da ya fito a 2022 ya ƙirga yunƙuri 1,550 a tsibirai 998 tun daga 1872, kuma kashi 88 cikin 100 sun yi nasara.

Tsibirai uku da abin da aka gani

Bari mu fara da Korapuki, wani ɗan tsibiri mai kimanin hekta 18 a arewacin ƙasar Niyu Zilan. An kawar da ɓerayensa a 1986, zomayensa a 1987. Wani masani mai suna David Towns ya bi diddigin wurin shekara da shekaru. Da zomaye suka tafi, wani itace da mutanen can ke kira ngaio ya sake tofowa ya bazu. Akwai wasu ƙananan ƙwari masu maƙalewa a jikin itacen suna tsotsar ruwansa, suna fitar da darɓa mai zaƙi. Da itacen ya yawaita, ƙwarin suka yawaita, darɓa ta wadata, sai ga ƙadangarun dare dangin tsaka suna taruwa a jikin itatuwan suna lasa. Ku lura da tsawon igiyar: zomo bai taɓa cizon ƙadangare ba, amma shi ne ya hana shi zaƙin nan tsawon zamani, domin ya cinye itacen da ke ɗauke da ƙwarin da ke fitar da darɓar. Kafin a cire zomon, ba a san girman wannan alaƙa ba. A wannan yanki ne kuma aka lura cewa inda ɓera yake, manyan ƙadangarun dare kan takura a tsagogin duwatsun bakin teku, amma da ya kau sai su koma cikin daji su yi kiwonsu.

Na biyu shi ne Redonda, wani tsibirin dutse na ƙasar Antigua da Barbuda a yankin Karebiyan. An daɗe ana haƙar takin kashin tsuntsaye a wurin har zuwa farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ma'aikata suka watse, awaki da ɓeraye suka ci gaba da zama, suka mayar da shi fako, har awakin kansu suna mutuwa da yunwa. A 2017 aka kashe ɓeraye kimanin 6,000, aka kwashe awaki kimanin 60 da jirgi mai saukar ungulu zuwa Antigua. Akwai wani baƙin ƙadangare da ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai a nan, kuma an sha ganin ɓeraye suna farautarsa. Colin Donihue da abokan aikinsa sun ƙirga shi a 2017 da 2018 da 2019, suka tarar ya ninka fiye da sau shida. Ciyawa da itatuwa suka dawo, ƙwari suka dawo. Wani abin lura kuma, cikin shekara guda ƙadangarun sun rage firgita, sai an matso su sosai kafin su gudu. Dabbar da tsoro ya sake ta tana da lokacin neman abinci, tana kuma isa inda da ba ta isa.

Na uku shi ne Round Island, kusa da ƙasar Morishus a Tekun Indiya. Ɓera bai taɓa shiga wannan tsibiri ba, shi ya sa ƙadangaru da macizan da suka ƙare a babban tsibirin Morishus suka saura a nan. Sai dai an kai awaki da zomaye a ƙarni na 19, suka cinye dajin har dutse ya fito fili. Wani macijin wurin mai shiga ƙasa, tun 1975 ba a sake ganinsa ba. An gama da awaki a 1979, da zomaye a 1986. Itatuwa dangin giginya da goruba suka sake hayayyafa, wata babbar kulɓa da ake kira kulɓar Telfair ta ƙaru. Ita wannan kulɓa ba ta zaɓen abinci: tana cin ƙwari, tana cin ƙananan ƙadangaru, tana cin 'ya'yan itace, ta je wani wuri ta zubar da irin cikin kashinta ya tsiro. Itace ya ciyar da ita, ita kuma ta shuka shi. Amma da masu kiwo suka kau gaba ɗaya, baƙin ciyayi sun so su rufe wurin, har a 2007 aka kai manyan kunkuru daga irin na Aldabra don su riƙa kiwo a madadin kunkurun wurin da suka ƙare tun da daɗewa.

Ciki yana bin abinci

Kada mu ɗauka sauyin abinci ƙaramin abu ne. A 1971 masana suka ɗauki ƙadangaru guda 10, maza 5 mata 5, daga tsibirin Pod Kopiste na ƙasar Kuroshiya suka sake su a wani tsibiri kusa mai suna Pod Mrcaru. Bayan shekara 36, sakamakon da Anthony Herrel da abokansa suka buga a 2008 ya nuna cewa jikokin waɗannan masu cin ƙwari sun koma cin ganye, har a lokacin zafi ganye ya haura kashi 60 cikin 100 na abincinsu. Kawunansu sun ƙara girma, cizonsu ya ƙara ƙarfi, hanjinsu ya yi wasu 'yan ɗakuna da ke tsayar da ganye har ya narke. Wannan ba aikin kawar da ɓera ba ne, amma yana nuna mana cewa abin da dabba take ci yana iya sauya har ƙirar jikinta cikin abin da bai kai tsawon ran mutum ɗaya ba.

Inda gyara ya jawo ɓarna

Wajibi ne in faɗa muku ɗaya ɓangaren, domin a nan ne darasin ya fi kusa da mu.

A tsibirin Macquarie na ƙasar Ostireliya akwai kyanwoyi da zomaye da ɓeraye, duk mutane ne suka kai su. Aka ga kyanwa na cin tsuntsaye, aka gama da ita a shekarar 2000. Zomaye suka sami sarari, cutar da aka daɗe ana rage su da ita ma ta yi sanyi, suka haura 100,000, suka aske tsaunuka har ƙasa tana zaftarewa. Sai da aka sake kashe kimanin dalar Ostireliya miliyan 25 kafin a bayyana a 2014 cewa an raba tsibirin da zomo da ɓera baki ɗaya. An cire mai ci, an bar abin da yake ci, ɓarna ta sauya salo.

Misali na biyu ya shafi ƙadangare kai tsaye. A ƙarshen 2012 aka watsa maganin ɓera mai suna brodifacoum da jirgi a tsibirin Pinzon, cikin tsibiran Galapagos na ƙasar Ikwado. Magani ne mai hana jini daskarewa, ɓera ya ci ya yi kwanaki kafin ya mutu. Masu aikin sun yi tanadi: sun kama shahunan tsibirin sun tsare su har aka gama. Ɓera ya ƙare, kuma a 2014 aka ga 'ya'yan kunkuru sun ƙyanƙyashe sun rayu a dajin wurin, karo na farko cikin fiye da shekara ɗari. Amma da aka saki shahunan, fiye da 20 suka mutu. Da aka bincika, sai aka gano ƙadangarun wurin sun ci maganin, bai kashe su ba, ya zauna a hantarsu, a wasu har fiye da shekara biyu. Shaho ya ci ƙadangare, guba ta kama shi. Ƙwararru ne suka yi wannan aiki, da kuɗi da kayan awo, amma guba ta bi ta hanyar da ba su yi zato ba, kuma cikin ƙadangare ne ya tona ta.

Mu dawo gida

Ba mu da teku a kudancin Katsina, amma muna da wuraren da ke aiki irin na tsibiri. Duwatsun da suka tsaya a tsakiyar gonaki a ƙasar Faskari da Ƙanƙara, 'yan kurmin da suka rage a bakin rafuka wajen Sabuwa, tsofaffin maƙabartu da kufai inda gatari bai shiga ba, duk an kewaye su da gonar da ake nomewa, a fesa, a ƙone. Ga kulɓa ko hawainiya, ƙetare irin wannan fili zuwa wani dutsen ba ƙaramin haɗari ba ne. In ta ƙare a dutse ɗaya, da wuya wata ta zo ta maye gurbinta. Babban abin da ya rage mana shi ne Dajin Kogo, wanda yake cikin dazuzzuka 10 da Gwamnatin Tarayya ta amince a Disambar 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa, sai kuma Kamuku da ke maƙwabtaka da mu ta Birnin Gwari.

Su wa ke zaune a waɗannan wurare, me kuma suke ci? Ƙadangaren da muka saba gani, wanda namijinsa muke kira jan gwada, tururuwa da cinnaka da gara ne ginshiƙin abincinsa, yana ƙarawa da fara da buzuzu da tsutsa, ranar da shinge ya tashi kuwa ya yi biki. Tun 1964 wani masani mai suna Vernon Harris ya fitar da littafi sukutum a kan rayuwarsa bayan ya nazarce shi a Ibadan. Kulɓa tana bin ƙarƙashin busasshen ganye tana kama ƙananan ƙwari. Hawainiya tana kan reshe tana ɗaukar fara da ƙuda da harshenta. Damo yana cin gyare da ƙadandoniya da dodon koɗi da kunama da manyan buzuzu a damina, ya tara kitse, in rani ya tsananta ya shige rami ya yi watanni bai ci komai ba. Guza na bin bakin ruwa irin na madatsar Mairuwa da fadamu, tana cin kaguwa da kwaɗi da ƙwai da ɓeraye. Mafi yawan abin da ke cikin wannan jeri abokan gabar manomi ne.

Yankinmu yankin masara ne da dawa da waken suya da auduga; tun zamanin Turawa Daudawa ta yi suna da gonar irin auduga. Daga 2016, da tsutsar masara 'yar asalin nahiyar Amurka ta ɓulla a Nijeriya, feshi ya ƙaru a gonakinmu. Maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya a wurare da yawa. Ba na cewa ƙadangare zai iya tsare gona shi kaɗai, kuma ba na cewa manomi ya zuba wa tsutsa ido ta cinye masa guminsa. Abin da nake cewa shi ne, feshin da ba shi da ƙa'ida yana kashe tururuwa da gizo-gizo da zanzaro masu cin tsutsar, ya bar ƙadangare da yunwa ko da guba a ciki, sannan tsutsa ta dawo ta tarar babu mai tare ta. Labarin Macquarie ke nan a gonar masara.

Sai dai akwai bambanci biyu tsakaninmu da tsibiran teku, kuma dole mu riƙe su. Na farko, akuya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Itatuwanmu sun taso tare da barewa da gada da ɓauna, shi ya sa bagaruwa da farar ƙaya da aduwa suke da ƙaya. Jar akuya dukiyar matanmu ce, kuɗin makaranta ce, kuɗin magani ce. Ba wanda zai ce a kawar da ita. Matsalarmu ita ce kiwo ba hutu a wuri guda, ga sara, ga gawayi, ga wuta. Na biyu, a tudu ba a ƙarar da ɓera. Ka kashe na gidanka yau, na maƙwabci ya shigo gobe. Kuma yawancin ɓerayen gidajenmu 'yan ƙasa ne, musamman mai yawan nonuwan nan da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno. Binciken da aka buga a 2014 a kan birnin Yamai ya nuna cewa wannan ɓera mai yawan nonuwa ne ya cika unguwannin jama'a, baƙin ɓera na jiragen ruwa kuwa ya kafu ne a wuraren kasuwanci da masana'antu. Manyan motocin kaya ne jiragensa a yau, don haka kasuwannin hatsi irin na Dandume da Sheme da ɗakunan ajiya na Funtuwa su ne ƙofofin da ya kamata a tsare.

Ku sani kuma baƙunta ba ta gefe ɗaya ba ce. Jan gwadanmu na Afirka ta Yamma, masu cinikin dabbobi sun kai shi jihar Fulorida ta Amurka, tun 1976 ya kafu yana bazuwa. Guza ma ta kafu a can a garin Cape Coral. A wurinsu su ne baƙi masu ɓarna. Babu halittar da aka yi don ɓarna. Mutum ne ke ɗauke ta daga inda take da amfani ya kai ta inda za ta zama annoba.

Ɓera a rumbu ya zame mana ƙadangaren bakin tulu: a bar shi ya ɓata abinci ya kawo cuta, a bi shi da guba a fasa tulun. Shinkafar ɓera da fiya-fiya ana sayar da su a tire, ana zuba su a bayan buhu ba awo. Wasu daga cikin magungunan ɓeran nan dangin wanda aka watsa a Pinzon ne. Ɓeran da ya ci yakan yi kwanaki yana tangaɗi a fili, kyanwa ta ɗauka, mujiya ta ɗauka, shirwa ko guza ta ɗauka, kaza ta tsattsagi ragowar, mu kuma mu yanka kazar. A ƙarshe mun kashe masu cin ɓera, waɗanda haihuwarsu kaɗan ce, mun bar ɓera mai haihuwa bila adadin.

Akwai wani abu mai ɗaci da zan ambata. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin nan uku, an sace dabbobi, gonaki sun kwana shekaru ba a taɓa su ba. Wannan masifa ce, Allah ya kawo mana ƙarshenta, ya jiƙan waɗanda muka rasa. Amma ranar da jama'a za su koma, za su tarar da wuraren da daji ya farfaɗo da wuraren da aka sare aka yi gawayi. Yadda za a sake buɗe su, ko da wuta da guba a rana ɗaya ko da tsari, shi zai yanke abin da jikokinmu za su gada.

Abin da ya kamata mu yi

Na farko, a yaƙi ɓera da yunwa kafin guba. A ɗaga rumbu daga ƙasa, a share kewayensa, a toshe ramuka. A zuba hatsi a durom mai murfi ko buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro tare da masu bincike na yankinmu, ciki har da cibiyar INRAN ta Maraɗi, a ɗora shi kan katako nesa da bango. A daina shanya a gefen titi, a rufe abinci da ruwan sha. Wannan ya kare mu daga Lassa, ya kuma kare mu daga ƙwayoyin cutar gudawa da ke cikin kashin ƙadangare kansa. A yi amfani da tarko, unguwa ta haɗu ta yi aikin lokaci guda. In ta kama dole sai magani, a sa shi cikin akwati mai ƙaramar ƙofa inda yaro da kaza ba sa isa, a tattara gawar ɓeran a binne ta da zurfi.

Na biyu, a bar wa mujiya da shaho da damo da guza ransu. Ƙona daji guda don a kama gafiya biyu asara ce: wutar tana cinye ciyawar dabbobi, ta kashe tsiro, ta ƙone ganyen da kulɓa ke kiwo a ƙarƙashinsa. Ina roƙon sarakunan dawa da shugabannin 'yan farauta su sa dokar hana kama damo da guza a lokacin da suke ɗauke da ƙwai.

Na uku, iyayenmu sarakuna, kuna da ikon da ya fi na takarda. Kowace gunduma ta ware dutse ɗaya ko kurmi ɗaya ta mai da shi hurumi: ba sara, ba wuta, ba fasa dutse, kiwo kuma bi da bi, bisa yarjejeniya tsakanin manoma da makiyaya. An yi haka a dajin Amurum kusa da Jos, inda mutanen Laminga suka ba da dajinsu aka tsare, har aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. A gonaki kuma a bar shinge mai rai da 'yar ciyawa a kan iyaka, su zama hanyar da ƙananan dabbobi za su bi daga wannan dutse zuwa wancan.

Na huɗu, malaman gona ku koya wa manoma duba gona kafin feshi, da bin awon da ke jikin kwalba, da yin feshi a kan shukar da ta kamu maimakon wanke gona duka.

Na biyar naku ne, ɗalibai da malaman kimiyya. Wannan bincike ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kashin ƙadangare sananne ne, baƙi mai farin kai. A tattara shi daga dutsen da ke tsakiyar gonar da ake fesawa, a tattara daga dutsen da ke cikin hurumi, a jiƙa da ruwa, a duba da tabarau mai ƙara girma. Za ku ga kawunan tururuwa, ɓawon fiffiken buzuzu, ƙafafun fara, da irin tsirrai. Ku rubuta rana da wuri da abin da kuka gani, da rani da damina, ku wanke hannu da sabulu in kun gama. Makaranta ɗaya da ta riƙe irin wannan littafi shekara biyar ta tara abin da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru za su iya ɗorawa a kai. Abin da ya sa aka fahimci Korapuki da Redonda shi ne an ƙirga kafin aiki, an kuma ƙirga bayansa.

Kammalawa

Jama'a, tsibiran teku sun tabbatar da abu biyu. Ƙasa tana farfaɗowa da sauri in aka ɗauke mata abin da ya danne ta. Gyaran da aka yi ba tare da sanin wa ke cin wa ba kuwa, yakan haifi wata sabuwar ɓarna. Allah ya ba mu amanar wannan ƙasa da abin da ke cikinta, manya da ƙanana, kuma za a tambaye mu. Ina kira ga kowane magidanci ya gyara ajiyar hatsinsa kafin kaka mai zuwa, kowane manomi ya duba kafin ya fesa, kowane hakimi ya ware hurumi ɗaya a ƙasarsa, kowace makaranta ta buɗe littafin ƙirga.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.